Wai Mai Fitilun Biki Danna Maɓalli Kawai Yake Yi?

 Masu gardama, yau da ku nake, ku da in an zo lissafin kuɗin biki kuke biyan mai girki ba musu, ku biya mai kwalliya kuna murmushi, ku biya DJ har da na shan ruwa, amma da an zo kan mai fitilu sai ku gyara zaman hula ku ce, "Shi kuma wannan aikin me zai yi? Ba danna maɓalli ba ne kawai?" Har da kai abokin wasana Bazazzagi, da ka rantse ɗanka na aji uku a firamare zai iya, tunda ya ƙware wajen canza tasha a talabijin. Allah ya yi wa yaro albarka. Turo shi, ga akwati na ajiye masa, kai ma ka biyo shi ka riƙe masa tocila.

Ba zan tsorata ku da manyan tebura masu tsadar mota ba. Mu tsaya a kan ɗan akwatin nan mai araha da masu hayar fitilu suka fi yawo da shi, wanda ake kira DMX 192. A hagunsa akwai maɓallai goma sha biyu, kowanne na fitila ɗaya. A tsakiya akwai maɓallan zamiya takwas da ake turawa sama da ƙasa, da wasu biyu a gefe, ɗaya na sauri, ɗaya na narkewar haske. A dama akwai maɓallan tsere guda shida, da wani guda ɗaya da in ka taɓa shi zaure zai yi baƙi ƙirin. Wannan na ƙarshen shi kaɗai na yarda yaronka zai iya, kuma na tabbata shi zai fara taɓawa.

Daga ina 192 ta fito? Fitila 12, kowace an ware mata tasha 16. Tasha ita ce hanyar ba da umarni guda ɗaya: wata ta ja ce, wata ta kore, wata ta shuɗi, wata ta ƙarfin haske gaba ɗaya, wata ta walƙiya. In fitila mai juya kai ce, akwai tashar juyawa hagu da dama, da ta ɗaga kai da sunkuyarwa, da ta faifan launi. Kowace tasha tana karɓar lamba daga 0 zuwa 255. Abin haushin shi ne kowane kamfani da yadda yake jera tashoshinsa. A wannan fitila tasha ta farko ja ce, a waccan kuwa ƙarfin haske ce. Sai ka tura ja har ƙarshe, fitila ta yi maka shiru, domin tashar ƙarfin haske tana kan sifiri. A nan ne masu gardama suke fara cewa an kawo musu matacciyar fitila.

Ba mu gama ba, Alhaji, gyara zama. Duk fitilun nan a kan waya ɗaya suke. Ta fito daga akwati ta shiga ta farko, ta fita ta shiga ta biyu, haka har ta ƙarshe, kuma duk umarnin da aka aika kowace tana jin sa. To yaya za ta gane nata? Sai an ba ta adireshi a ɗan allon da ke bayanta. A wannan akwati ta farko 1 ce, ta biyu 17, ta uku 33, ta huɗu 49, ana ƙara goma sha shida har ta goma sha biyu ta tsaya a 177. Kuskure ɗaya, ka ba ta biyu 5 maimakon 17, sai ka je ƙara wa ta farko wani launi, ta biyu ta ɗauka da ita ake ta hau walƙiya ba wanda ya aike ta.

Wannan yare da akwati yake yi da fitilu shi ne DMX512, wanda ƙungiyar masu fasahar dandali ta Amurka, USITT, ta fitar a 1986, domin kafin nan kowane kamfani yarensa daban, kayan wannan ba sa jin na wancan. Waya ɗaya tana ɗaukar tasha 512, ana maimaita saƙon kusan sau 44 a daƙiƙa. Ƙa'ida ta ce kada a jera kaya fiye da 32 a layi ɗaya, kuma a toshe bakin ta ƙarshe da ɗan marfi mai ƙaramin rizisto na om 120, don kada saƙon ya bugi ƙarshen waya ya dawo ya rikita na baya. Mu kuwa sai mu ari wayar makirufo saboda bakinta ya shiga, mu manta da marfin, in fitilu suka fara rawar ɗari mu ce sharrin janareta ne. Kuma ku sani, akwatin nan faɗa yake yi, ba ya jin amsa. In fitila ta mutu bai sani ba. Idon mutum ne zai gani.

Na ji ka daga nan, Bazazzagi, kana cewa Bakano ne ke kambama sana'a don a ƙara kuɗi. Na karɓa, son ciniki gado ne. Amma zo mu ajiye zubi ɗaya tare, in ya so ka yanka farashin da kanka. Zubi shi ne tsarin haske guda ɗaya a tsaye: wannan fitila ja, waccan shuɗiya, mai juya kai tana kallon kujerar amarya. Ka danne maɓallin shiri na 'yan daƙiƙu har ɗan haskensa ya fara ƙyaftawa. Ka zaɓi fitila ta farko, ka ja maɓallan zamiya har idonka ya gamsu. Ka sake ta kafin ka kama ta biyu, in ka manta kuwa, duk abin da ka yi wa ta biyu ta farko ma za ta bi, aikinka ya rushe. In tashar da kake nema ta wuce ta takwas, ka juya shafi, tunda maɓallan takwas ne tashoshin goma sha shida. Ka gama? To zaɓi rumbun da za ka zuba, ka danna maɓallin ƙari, sannan lambar zubin. 'Yan fitilun jikin akwatin za su yi walƙiya gaba ɗaya, alamar ya karɓa. Zubi ɗaya ke nan, ranka ya daɗe. Akwatin yana da rumbu 30, kowanne yana cin zubi 8, jimla 240. Bismillah, saura 239.

Tsere kuma shi ne jera waɗannan zubi su riƙa bin juna. A ce fitilu huɗu ne a jere. Mataki na farko ta farko ce a kunne, na biyu ta biyu, na uku ta uku, na huɗu ta huɗu, sai a koma farko. Babu abin da ya motsa daga inda aka rataye shi, amma ido zai rantse haske ne yake gudu daga hagu zuwa dama. Akwatin yana riƙe tsere shida, kowanne zai iya kaiwa mataki 240, kuma kowane mataki da hannu ake saka shi, ɗaya bayan ɗaya. Aikin kamar luguden mata uku ne a turmi ɗaya: kowace taɓarya da lokacin faɗuwarta, in ɗaya ta riga ko ta makara sai a yi karo, kuma duk unguwa za ta ji.

Lokacin faɗuwar nan yana hannun maɓallai biyu na gefe. Na sauri shi ke faɗin tsawon zaman kowane mataki, daga kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa har zuwa minti goma. Na narkewa shi ke faɗin ko haske zai yi tsalle ne zuwa mataki na gaba, ko zai sulale a hankali. Ka sa narkewa ta fi sauri tsawo, babu matakin da zai kai ƙarshensa: fitilu su yi ta dishi-dishi, mai juya kai ta yi ta gantali a rufi ba ta taɓa isa kan amarya ba. Ka sa narkewa a sifiri, kawuna su riƙa fizga kamar an mare su. Ga wani tarko kuma: a yawancin waɗannan akwatuna narkewa tana shafar har tashar faifan launi, don haka fitilar da aka ce ta tashi daga fari zuwa shuɗi sai ta biya ta gaishe da duk launukan da ke tsakani, a kan fuskar ango.

Yanzu ga babban mai gardama ya ɗaga hannu, DJ ne. "Malam, duk wannan dogon bayanin na mene ne? Ai akwai maɓallin kiɗa. Ka danna shi, fitilu su bi waƙa da kansu, kowa ya huta." Sannu ɗan'uwa, na san za ka zo. Maɓallin yana nan, kuma yana aiki. A cikin akwatin akwai ɗan ƙaramin makirufo da aka saita ya fi jin amon ƙasa, irin wanda ke dukan ƙirji. Duk lokacin da ya ji dum, sai ya tura tsere gaba da mataki ɗaya. Iyakar iliminsa ke nan. Bai san baiti ba, bai san amshi ba, bai san an kusa yin shiru ba, bai san amarya daga mai raba ruwa ba. Yana ji, amma ba ya fahimta.

Kowa a cikinku ya taɓa ganin sakamakon, sai dai bai san dalili ba. An cika zaure, MC ya roƙi a yi shiru, an miƙa wa dattijo makirufo zai buɗe taro da addu'a. Kamar yadda dattawa suka saba, sai ya buga kan makirufon da yatsa sau biyu don ya ji ko yana aiki. Lasifika ta ce dum, dum. Akwati ya ɗauka an fara casu, ya yi tsalle mataki biyu. Zaure ya rine ja wur, mai juya kai ta wulwulo ta tsaya cak a idon uwar ango. Dattijo ya yi gyaran murya, aka koma kore. Jama'a suka shafa da ƙarfi, aka koma shuɗi. DJ yana can yana lalubar maɓalli a duhu, ya samu na kashewa gaba ɗaya, ya danna. Sai kowa ya kunna tocilar wayarsa yana tsine wa NEPA, alhali wannan karon ba ta ci ba, ba ta sha ba.

Juya abin kuma. Lokacin shigowar amarya ya yi, an sa waƙa mai sanyi wadda babu dukan ganga a farkonta. Makirufo bai ji komai ba, don haka tsere ya daskare a matakin da waƙar baya ta bar shi, wataƙila wanda hanyar shigowa take a duhu, teburin abinci yake a haske. Amarya ta yi wata uku tana shirin wannan taku, aka haska kulolin shinkafa. In kuwa mai kalangu aka gayyato, nan ma wata rigimar ce. Kalangu magana yake yi, yana hawa yana sauka, ba dukan ƙasa ɗaya yake maimaitawa ba, sai akwatin ya kama wani bugun ya saki wani. Ƙara da wannan: sauti yana tafiyar kimanin mita 340 ne a daƙiƙa. In akwatin yana bayan zaure, mita 34 daga lasifika, kowane bugu zai iso masa a makare da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Masu rawa a gaba ba za su iya faɗin me ya faru ba, amma jikinsu zai gaya musu haske yana jan ƙafa.

Mai fitilu na gaske yana da maɓallin da ya fi wannan, wato na ƙwanƙwasa. Yana jin waƙa, yana buga shi da yatsa daidai da kiɗan, akwatin ya auna tazarar da ke tsakanin bugun ya mayar da ita saurin tsere. Waƙa mai bugu 120 a minti, kowane mataki rabin daƙiƙa ke nan. Amma ba ya bugawa ya tafi cin nama. DJ zai canza waƙa, makaɗi zai ƙara wuta da ya ga liƙi ya fara zuba, dole yatsa ya sake aunawa. In kiɗa ya canza rawa ma canzawa take yi, haske kuma ba a bar shi a baya ba.

Don kada ku ce na yi son kai, maɓallin kiɗa yana da ranarsa. In fili ya cika da samari, waƙa mai dukan ƙasa ce tsantsa, zaure ƙarami, babu jawabi babu addu'a, a sake masa tsere mai sauƙi ya yi ta bi, ba laifi. In akwatin yana da ƙofar karɓar sauti, a jawo masa waya kai tsaye daga mikisa, ya huta da jin tari da tafi. Abin da ba a yi shi ne a miƙa masa taro tun daga buɗewa har tashi.

Wani can a baya yana gunaguni wai ai Turawa na'ura ce take yi musu komai. Wa ya gaya maka? Tun da gidan wasan Savoy na Landan ya koma hasken lantarki a 1881, hannun mutum bai bar wannan aiki ba. A farkon zamanin har da tulunan ruwan gishiri ake rage ƙarfin fitila, ana nutsa ƙarfe ana ɗagowa. A 1935 wani Bature mai suna Fred Bentham na kamfanin Strand ya ƙera teburin haske a kan fasalin molo mai maɓallai irin na gidajen sinima, don mai fitilu ya riƙa kaɗa haske da yatsunsa kamar makaɗi. Kwamfuta ta shiga dandalin Broadway na Niyok a 1975, fitilun Vari-Lite masu juya kai da canza launi suka fara fita tare da mawaƙan Genesis a Basalona ta ƙasar Sifen a 1981. Yau manyan taruka suna amfani da tebura irin su grandMA na Jamus, Avolites na Ingila da Eos na kamfanin ETC a Amurka. Je ka duba bayan kowanne, za ka tarar da mutum a zaune. A gidan wasan kwaikwayo akwai mai kiran lokaci da ke bin rubutun wasa yana ba da umarni ta na'urar kunne, mai fitilu yana danna kowane sauyi a daidai kalmarsa. A manyan wasannin waƙa kuma akan ɗaura haske a kan agogon da ke tafiya tare da waƙar, mai ƙirga awa, minti, daƙiƙa da ɓangaren daƙiƙa. Wannan ma mutum ne ya kwana yana jera shi, sauyi bayan sauyi. Masu kuɗin da za su iya sayen kowace irin na'ura ba su yarda su bar taronsu a hannun makirufo ba, sai mu?

Hajiya, na ga kina dariya kamar ba da ke ake ba. Ranki ya daɗe, ankon nan da kika yi sati-sati kina zaɓa, a hannun mai fitilu yake. Yadi ba ya nuna launin da ba a haska masa ba. Jan leshi a ƙarƙashin koren haske baƙi yake komawa, shuɗi a ƙarƙashin ja haka. Fatarmu kuma tana son haske mai ɗumi, fari mai ɗan ruwan zuma, kore da shuɗi kuwa su mayar da kwalliyar dubban nairori kamar mai jinya. Shi ya sa wanda ya san aiki yake ware wasu fitilu farare na fuska, waɗanda ba ya saka su cikin kowane tsere, launuka su yi ta wasansu a bango da rufi. Shi ne kuma ya san cewa fitilun LED masu araha, in an rage musu ƙarfi, ƙyaftawa suke yi da saurin da ido ba ya gani amma kyamara tana gani, bidiyo ya fito da layi-layi. Sai a yi ta faɗa da mai bidiyo, bawan Allah. Haka in wuta ta ɗauke janareta ya karɓa, masu juya kai sai sun gama 'yan jujjuyawarsu ta farkawa kafin su saurari kowa, kuma a wannan tsakanin fararen fitilun nan ne suke rufa asiri.

Akwai wuri ɗaya da zan ajiye wasa. Walƙiya mai sauri tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu. Ba duka ba, kaɗan ne daga cikinsu, amma ba a rubuce yake a goshin kowa ba, wani ma bai san yana da shi ba sai ranar. A 16 ga Disamba 1997, wani shirin yara na Pokémon a talabijin ɗin Japan ya nuna walƙiyar ja da shuɗi na 'yan daƙiƙu, aka kwashi yara 685 zuwa asibitoci. Ƙa'idar talabijin a Ingila ma ta hana walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa. Maɓallin kiɗa bai san wannan ba, yaron da aka ba riƙon ƙwarya ma bai sani ba. In yarinya ta yanke jiki ta faɗi a filin rawa, mu kan yi saurin cewa iska ce ko baki, ba mai ɗaga kai ya dubi abin da ke ƙyaftawa a sama.

To masu gardama, ga abin da nake roƙo, kuma bai kai kuɗin kaji biyar ba. Ku buɗe wa mai fitilu zaure tun da rana, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ba shi jerin abin da za a yi: yaushe addu'a, yaushe shigowar amarya, yaushe yanka kek, yaushe rawa. Ku gaya masa launin anko. Ku zaunar da shi inda yake ganin dandali, ba bayan labule kusa da masu wanke kwanuka ba. Ku haɗa shi da mai bidiyo su gwada kafin baƙi su iso. Sannan ku biya shi kuɗin aikinsa ba tare da gyara zaman hula ba. Wanda duk ya ƙi ji, ya danna maɓallin kiɗa ya tafi gaisawa da baƙi, to ranar da bidiyo ya fito amarya koriya shar, kada ya nemi kowa da ƙorafi, ya je ya yi wa surukarsa bayani da kansa.